Jagorar ziyartar tashar wutar lantarki ta madatsar Hoover, daga bakin shinge zuwa ɗakin injina

Yawancin masu zuwa madatsar ruwa ta Hoover a saman ginin suke tsayawa. Su leƙa ƙasa, su ɗauki hoto, rana ta gasa su, su koma mota. Ba su yi laifi ba, ginin abin kallo ne. Amma abin da ya cancanci kuɗin motarka da wuninka yana can ƙasa, a cikin dutse, inda tashar da ta fara ba da wuta a watan Oktoba na 1936 take ci gaba da aiki har yau. Don haka na shirya wannan jagorar a kan manufa guda: ka samu shiga ciki, kuma ka bi ruwan da idonka tun daga tafki har inda ya zama wuta.

Madatsar tana kan kogin Kolorado a Amurka, a wani kwazazzabo mai baƙin dutse da ake kira Black Canyon, daidai kan iyakar jihohin Nevada da Arizona. Daga birnin Las Vegas tafiyar kilomita 50 ce ko ƙasa da haka kaɗan, ta kudu maso gabas. Hukumar gwamnatin tarayya mai kula da manyan ayyukan ruwa a yammacin ƙasar, wato Bureau of Reclamation, ita ke riƙe da wurin, ita ke sayar da tikiti, ma'aikatanta ne kuma ke zagayawa da baƙi.

Da farko, zaɓi lokaci

Wurin hamada ne. Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan wuce digiri 40, kuma dutse da kankare suna mayar maka da shi ta ƙasa da ta gefe. Wanda ya saba da bazarar Sakkwato ko ta Agadas zai ce wannan ba komai ba ne, to amma a gida ka san inuwar da za ka fake, a saman madatsar kuwa inuwa kaɗan ce. A bazarar 1931, lokacin da aka fara aikin, zafi ya kashe ma'aikata da wasu daga cikin iyalan da suka yi sansani a bakin kogi. In kana da zaɓi, ka je tsakanin Oktoba da Afrilu.

Ko wane wata ka je, ka yi sammako. Da sanyin safiya ake kama fara. Cibiyar baƙi tana buɗewa ƙarfe tara na safe, ta rufe biyar na yamma, kuma ba ta aiki ranar Kirsimeti da ranar bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba. Ka kasance a bakin ƙofa kafin tara. Dalilin zai zo maka a maganar tikiti.

Akwai ɗan rikicin agogo da ya kamata ka sani. Nevada na sauya agogonta sau biyu a shekara, Arizona ba ta sauyawa. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba lokacinsu ɗaya, amma a watannin sanyi Arizona na gaba da awa guda. Kana tafiya a saman madatsar wayarka na iya tsallakawa da kanta daga wannan lokaci zuwa wancan. Duk jadawalin zagaye da agogon Nevada ake yinsa, shi za ka riƙe.

Masauki da hanya

Mutane da yawa a Las Vegas suke kwana. Ni na fi ba da shawarar Boulder City, ƙaramin garin da gwamnati ta gina musamman domin ma'aikatan madatsar a farkon shekarun 1930. Kilomita goma sha ne tsakaninsa da madatsar, gari ne mai natsuwa, kuma har yau an haramta caca a cikinsa, abin da ba kasafai ake samu a Nevada ba. Mai tafiya da iyali zai fi sakewa a can. A tsohon otal ɗin garin, Boulder Dam Hotel, akwai ɗan gidan tarihi na rayuwar ma'aikatan. In ka iso da yamma ka fara da shi, gobe abin da za ka gani zai fi shiga ranka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hayar mota ka tuƙa, ko ka bi motocin kamfanonin yawon buɗe ido daga Las Vegas. In za ka bi kamfani, ka tambaye su a fili ko kuɗin ya haɗa da shiga tashar wuta, domin wasu tsayawar hoto kawai suke yi su wuce. In tasi ce ta kawo ka, ku yi magana a kan komawa tun kafin ka sauka.

Kafin ka ƙarasa akwai shingen jami'an tsaro. Za su duba motar, wani lokaci su ce a buɗe but. Kada ka zo da makami ko wuƙa, ko 'yar ƙaramar da ake maƙalawa a makulli, kuma an hana tashin jirgi maras matuƙi a duk yankin. A ƙofar cibiyar baƙi akwai wani binciken irin na filin jirgin sama. Ruwan gora yana shiga, abinci ba ya shiga. Ka bar babbar jaka a mota.

Wurin ajiye motoci mafi kusa shi ne mai hawa-hawa da ke ɓangaren Nevada, ana biyan kuɗi. In ka tsallaka madatsar zuwa ɓangaren Arizona ka hau sama kaɗan akwai filaye na kyauta, sai dai za ka taka. Ka sani kuma titin da ya bi ta kan madatsar ba ya ɓullewa cikin Arizona yanzu. Duk wanda ya tsallaka, ta nan zai dawo.

Tikiti: nan ne mutane ke yin asara

Tikiti iri uku ne. Na farko na cibiyar baƙi ne kawai, ka ga baje-kolin hotuna da samfura, ka hau barandar kallo. Wannan ba ya kai ka ƙasa. Na biyu shi ne zagayen tashar wuta, wanda suke kira Guided Power Plant Tour, kusan rabin awa, ana iya sayensa ta intanet tun kana gida. Na uku, Guided Dam Tour, ya ƙunshi duk abin da ke cikin na biyu, sannan ya shigar da kai hanyoyin da ke cikin jikin madatsar kanta. Yana ɗaukar kusan awa guda. A wurin kaɗai ake sayar da shi, wanda ya riga zuwa shi ke samu, mutum kaɗan ake ɗauka a kowane rukuni, kuma yakan ƙare da wuri. Dalilin sammakon ke nan.

In ƙafarka lafiya kuma ƙuntataccen wuri ba ya tayar maka da hankali, ka nemi na ukun.  Hukumar na gargaɗin masu na'urar daidaita bugun zuciya da su yi hattara da zagayen ƙasa gaba ɗaya, saboda ƙarfin maganaɗisun da ke kusa da injina. Farashi na sauyawa, kuma tun da tasha ce mai aiki, wani lokaci gyaran lif ko na inji kan sa a dakatar da zagaye. Ka leƙa shafin hukumar ana gobe za ka tafi.

Kafin ka sauka, tsaya ka fahimci ruwan

In akwai sauran lokaci kafin a kira rukuninku, fita ka tsaya ta gefen tafki. Wannan shi ne tafkin Mead. Za ka ga hasumiya huɗu tsaye cikin ruwa, biyu ta Nevada, biyu ta Arizona, kowace tsayinta kimanin mita 120, yawancinta a nutse. Su ne bakin da tashar ke shan ruwa da shi. Riƙe su a ranka, domin duk abin da za ka gani a ƙasa daga nan ya taso.

Ka kuma san cewa ba don wuta aka fara tunanin wannan gini ba. Kolorado kogi ne mai rikici. Dusar ƙanƙarar duwatsun Rocky in ta narke sai ya yi ambaliya, da kaka kuma ya janye. A 1905 ya ɓalle ya malale wani yanki na kudancin Kalifoniya har ya haifar da tafkin Salton. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwan kogin a tsakaninsu, Herbert Hoover, wanda a lokacin shi ne sakataren kasuwanci, ya shugabanci zaman. Majalisa ta amince da ginin a 1928. Manufar ita ce a tare ambaliya, a adana ruwa domin gonaki da birane, wutar kuma a sayar a biya kuɗin aikin. Har yanzu haka tsarin yake: buƙatar masu ruwa da ke ƙasa, manoman Arizona da Kalifoniya, birane, da kason Meziko, ita ke yanke yawan ruwan da za a saki. Wutar tana bin bayan ruwan ne.

Cikin dutse

Lif zai sauke ku kimanin mita 160 ta cikin bangon kwazazzabon. Da ƙofa ta buɗe za ka ji sanyi da ɗanshi, ka ga dutse tsirara yana naso. Kana cikin ɗaya daga cikin hanyoyin da aka haƙa lokacin gini.

Ga labarinsu. Ba a iya zuba kankare a cikin kogi mai gudu, don haka sai da aka kawar da Kolorado daga hanyarsa. An fasa manyan ramuka huɗu ta cikin duwatsun gefe, biyu kowane ɓangare, faɗin kowanne mita 17 kafin a shafe shi da kankare, tsawonsu a haɗe ya kusa kilomita biyar. A Nuwamban 1932 aka juya kogin ya bi ta cikinsu. Ma'aikatan sun yi wannan haƙa cikin zafi da hayaƙin manyan motoci, da yawa sun kwanta ciwo. Bayan an gama gini ba a watsar da ramukan ba. An toshe wasu sassa, biyu suka zama hanyar rarar ruwa in tafki ya cika, biyu kuma aka shimfiɗa bututun ƙarfe a ciki.

Tsayawar farko a kan irin wannan bututu ce. Za ku shiga wani ɗaki da aka gina a samansa, faɗin bututun mita tara. Kada ka shagala da hoto a nan. Tsaya cik, ka saurari tafin ƙafarka. In ana sakin ruwa za ka ji daɓen yana rawa a hankali. Ruwan da ya shiga hasumiyar da ka gani a sama ne ke wucewa ƙarƙashinka. Ni a duk zagayen babu inda ya kama ni kamar nan, domin a nan ne na gane cewa nauyin ruwa shi ne man wannan tasha. Daga babban bututun ƙananan bututu ke rabuwa, kowanne ya nufi injinsa.

Daga nan sai barandar ɗakin injina, galibi na ɓangaren Nevada. Zaure ne mai tsawon kusan mita 200, janareto takwas a jere. A ɗaya ɓangaren kogin, a Arizona, akwai tara. Goma sha bakwai ke nan, ƙarfinsu a haɗe megawat 2,080 in tafki na cike. Domin ka samu ma'auni, tashar Kainji da aka kammala a 1968 an kafa mata injina takwas masu megawat 760 a haɗe.

Abin da kake gani daga baranda kan injin ne kawai. Farfelar da ruwa ke bugawa tana can ƙasa, ba a ganinta. Ruwa na shigowa ta wani bututu mai naɗi kamar katantanwa, ya zagaye farfelar, ya matsa ta ta juya, sannan ya zube ya koma kogi. Wata ƙatuwar sandar ƙarfe a tsaye ta haɗa farfelar da wani gangan maganaɗisu a sama. Gangan na juyawa a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe, wannan juyin ne ke haifar da wuta. Akwai ƙofofi kewaye da farfelar da ke buɗewa ko tsukewa domin juyin ya tsaya a gudu ɗaya, ko da buƙatar wuta ta ƙaru ko ta ragu. Daga janareto wutar na zuwa taransifoma a ɗaga ƙarfinta, sannan ta hau waya ta fita daga kwazazzabon.

Kada ka ɗauka duk ƙarfen da ke gabanka na 1936 ne. An kafa injinan ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a 1961, kuma tsakanin 1986 da 1993 an yi musu babban gyara aka ƙara musu ƙarfi. Zauren, ramukan, manyan bututun da tsarin duka na asali ne, kayan ciki kuwa ana ta sauyawa. Sau da yawa za ka tarar an kwance inji ɗaya ana aiki a kansa. Ɗaga kai ka ga injinan ɗaga kaya da ke tafiya a kan dogo a saman zauren, da su ake ciro gangan. In ka dace da irin wannan rana ka yi sa'a, domin za ka ga cikin injin a buɗe.

Jagororin suna son tambaya, sai dai lokacin gajere ne, don haka ka shirya naka tun a lif. Uku da na ga sun fi amfani: injina nawa ke juyawa yanzu, kuma me ya sa sauran suke tsaye? Megawat nawa tashar ke iya bayarwa a matakin ruwan yau? Yaya ake tayar da tashar in wutar waje ta ɗauke gaba ɗaya? Amsar ta ukun tana gabanka: akwai ƙananan injina biyu, ɗaya a kowane zaure, da ke ba tashar wutar kanta.

Kafin ka bar barandar dubi ƙasa. Daɓen an yi masa ado da zane da aka ɗauko daga saƙa da tukwanen ƙabilun asali na yankin. Wani mai zane, Allen True, ya tsara shi. Mutanen da suka gina wurin a tsakiyar matsin tattalin arziki sun ga ya dace ɗakin inji ma ya yi kyau, kuma ina ganin sun yi daidai.

Masu tikiti na biyu a nan za su juya. Masu na uku za su shiga siraran hanyoyin da injiniyoyi ke bi suna duba lafiyar ginin. Za ka ga alamomin da masu duba tsagewa suka bari a bango, da matakala masu tsayi da ke nutsewa cikin duhu. Za a kai ku ƙarshen wata hanyar iska inda za ka leƙa ta tagar da ke fuskar madatsar, kogi na can ƙasa. A nan ne jagora kan yi bayanin yadda aka zuba kankaren, kuma ya cancanci ka kasa kunne. Kankare na fitar da zafi yayin da yake daskarewa. An ƙiyasta cewa da a zubi ɗaya aka yi ginin, da sai ya shekara 125 kafin ya huce, kuma da ya tsattsage. Sai aka riƙa zuba shi tubali-tubali, ana binne siraran bututu a ciki, sama da kilomita 900 a haɗe, ana tura ruwan kogi sannan ruwan ƙanƙara. Da tubali ya huce sai a cike bututun da siminti. An fara zubi a Yunin 1933, aka gama a Mayun 1935. Labarin da ake yawo da shi cewa akwai gawarwakin ma'aikata a cikin kankaren ba gaskiya ba ne, domin kowane zubi ɗan kaɗan yake ƙara tsayi. Mutuwa dai an yi: lissafin hukuma mutum 96 ne a wurin gini.

A saman ginin

Yanzu ka taka saman madatsar daga wannan gefe zuwa wancan, mita 379. Tsayinta mita 221, kaurinta a gindi mita 200, a sama 14. Lura da yadda ta lanƙwasa ta fuskanci tafki. Ruwa na tura ta, ita kuma tana miƙa nauyin ga duwatsun gefe. Ta ɓangaren kogi za ka hango zaurukan injina biyu da ka fito daga ɗayansu, da turakun wayar wuta da aka kafa a karkace a bakin dutse domin wayoyin su taso daga ƙasa ba su taɓa bango ba. Mafi yawan wutar kudancin Kalifoniya take tafiya, sauran Nevada da Arizona su raba.

Sai ka juya ga tafki ka dubi farin zobe da ya zagaye duwatsu. Can saman farin shi ne inda ruwa yake kaiwa a da. Fari, wato ƙarancin ruwan sama, ya daɗe a yankin tun wajen shekarar 2000, ga kuma yawan masu ɗiba. A Yulin 2022 tafkin ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin ɗari na cikarsa. Wannan ya shafi abin da ka gani a ƙasa kai tsaye, domin in ruwa ya yi ƙasa nauyin da ke danna farfela ya ragu, wutar ma ta ragu. Har an sauya wasu farfelu da irin waɗanda ke iya aiki da ƙarancin ruwa. Leƙa manyan magudanan rarar ruwa da ke gefe biyu. Sau biyu kacal ruwa ya bi ta cikinsu, a 1941 lokacin gwaji, da 1983 lokacin ambaliya.

A ɓangaren Nevada akwai dandalin tunawa, da mutum-mutumi biyu na tagulla masu fukafukai, da taswirar taurari a daɓe wadda ke nuna yadda sama take a ranar 30 ga Satumba, 1935, ranar da Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da madatsar. A jawabinsa Boulder ya kira ta. Sai a 1947 majalisa ta tabbatar mata da sunan Hoover. Kusa da nan akwai allon tunawa da waɗanda suka rasu. Ka ba shi minti biyu. A lokacin da aiki ya fi zafi, a 1934, mutum sama da dubu biyar ne ke aiki a wannan rami, baƙar fata kuwa 'yan ƙalilan aka ɗauka a cikinsu.

In azahar ta riske ka, kada ka sa ran samun masallaci a wurin. Akwai makewayi da ruwa, ka zo da 'yar darduma ka nemi gefe a wajen ajiye motoci, nesa da hanyar mutane. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda muka saba.

A hanyar fita ka tsaya a gadar Mike O'Callaghan da Pat Tillman, wadda aka buɗe a 2010 domin ɗauke motoci masu wucewa daga kan madatsar. Tana da nata wurin ajiye mota, da matakala, da hanyar masu keken guragu. Akwai hanyar ƙafa a gefen da ke kallon madatsar, kimanin mita 270 sama da kogi. Iska na da ƙarfi a can, ka riƙe hularka da hannun yaro. Ka bar ta ƙarshe da gangan, domin daga tsakiyarta ne za ka ga komai a hoto ɗaya, tafki, hasumiyoyi huɗu, ginin, zaurukan injina, da ruwan da ke tafasowa daga ƙarƙashinsu yana komawa kogi. Ka ware awa huɗu ga ziyarar duka, biyar in kana da yara.